Neman tsatson Ummi ta wajen uwa: littafin aikin gidan Paston

Asabar, 7 ga Satumba 2024

A makarantar su 'yata Ummi aka ba su aikin zana bishiyar dangi. Ta wajena ba a sha wahala ba. Na buga wa Baba waya Katsina bayan la'asar, ya jero mini kakanni bakwai a numfashi ɗaya, kowane da sana'arsa da unguwarsa. Ta wajen mamanta kuwa, abin bai wuce mutum uku ba ya tsaya cik. Uwargida ta san kakarta, ta taɓa jin sunan mahaifiyar kakar, shi ke nan.

Da muka kai maganar wurin surukata, wadda nake kira Mama, sai ta ce: "Ai mu jinin Paston ne. Kakata ce ta faɗa mini."

Duk wanda ya zauna a Norwich, babban birnin yankin Norfolk a Ingila, ya san wannan suna. Paston iyali ne na masu filaye da gandaye a yankin Norfolk a ƙarni na 15, irin waɗanda suka fi talaka nesa ba kusa ba amma ba su kai manyan masu sarauta ba. Abin da ya fito da su shi ne wasiƙunsu. Takardu fiye da 1,000 suka bari, daga 1422 zuwa 1509, yawancinsu suna babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Aikin makaranta an miƙa shi da abin da muke da shi. Ni kuwa na ɗaura niyyar bin maganar Mama har inda takarda za ta kai ni, domin rabin jinin yarinyar nan ke nan, kuma ba na so ta tashi tana sanin ɓari ɗaya kawai.

Dokar da na kafa wa kaina: daga Ummi zan fara in yi baya, mutum bayan mutum. Ba zan fara daga Paston in gangaro ina neman inda zan maƙala mu ba. Kuɗin yau: littafin rubutu da fayil, fam 7.

Asabar, 14 ga Satumba

Wuni guda a gidan Mama. Ta sauko da wani tsohon gwangwanin biskit daga saman kabad, murfinsa ya yi tsatsa a gefe har sai da na sa bakin cokali. A ciki akwai takardar auren iyayenta, littafin rabon abinci na lokacin yaƙi, katunan jana'iza huɗu, da hoton wata mata sanye da baƙar riga, tana tsaye a ƙofar ɗan gida mai rufin ciyawa, hannunta ɗaya a kan kafaɗar yaro. A bayan hoton an rubuta sunan ƙauye da fensir. Wannan ita ce kakar da ta yi maganar Paston.

A gida da wuya in zauna gwiwa da gwiwa da suruka ina yi mata tambayoyi haka, kunya ba za ta bari ba. Nan kuwa ita ce ke jawo ni kusa tana nuna mini fuskoki da yatsa. Na ɗauki hoton komai, na rubuta abin da ta gani da idonta a shafin dama, abin da aka ba ta labari a shafin hagu. Sunan Paston bai fito a takarda ko ɗaya ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Na biya kuɗin wani shafin binciken dangi na wata uku, fam 60. Na sami gidan kakar a rajistar jama'a ta 1939 da ƙidayar 1921. Tsakanin waɗannan biyu babu komai: takardun ƙidayar 1931 na Ingila sun ƙone a gobarar 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na yi kuskuren farko, kuma mai tsada.

A Ingila gwamnati ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa ranar 1 ga Yuli 1837. Jerin sunayen kyauta ne a intanet, amma cikakkiyar takardar sai an saya daga babban ofishin rajista: hoton takardar haihuwa fam 3, takardar aure fam 12.50. Ina neman mahaifin kakar nan, sai na ga sunansa a gundumar da nake zato, a shekarar da ta dace. Ban tsaya ba na saya. Daga nan na sayi takardar auren iyayen da aka rubuta a ciki, na ƙara da ta haihuwar uwar. Dare uku ina gini a kai, har na kai wani mai shagon takalma a Yarmouth ina murna.

Jiya da daddare na ɗora takardar auren kakar kusa da abin da na tara, sai na ga sana'ar uban ba ta zo ɗaya ba. Namu leburan gona ne, wancan ɗan mai shago. Na koma jerin, ashe yara biyu ne masu suna iri ɗaya aka haifa a gunduma ɗaya cikin wata uku ɗin nan. Da na duba jerin da ofishin rajistar ya sa a shafinsa, wanda ke nuna sunan gidan su uwar jariri tun daga 1837, da na gane tun ranar farko. Gaggawa ce ta ja mini. Na yage shafi shida daga littafi.

Asara: fam 18.50. Takardun gaskiya da na sake saye: fam 15.50. Jimla zuwa yau, fam 101. Daga yanzu ba na ƙara suna sai shaida biyu da ba su jingina da juna ba sun yarda a kansa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ƙidaya, ƙidaya, ƙidaya. Na bi su daga 1911 zuwa 1841. Ta 1851 ce ta fi amfani domin ita ta fara faɗin garin da aka haifi mutum. Ta 1841 a yi hattara da ita, wanda ya wuce shekara 15 ana rage masa shekaru zuwa biyar-biyar, mai 44 ya zama 40. Duk mazan leburorin gona ne a ƙauyuka uku da ke kusa da North Walsham, ba wanda ya yi nisa da inda aka yanke masa cibi. Ƙarin takardu biyar, fam 34.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na ɗauki hutun aiki na tafi ma'adanar takardun tarihi ta Norfolk, a titin Martineau. Jaka da biro a bar su a akwatin ajiya, fensir kaɗai ake shiga da shi. Kafin 1837 sai rajistar coci, inda limamin kowace unguwa ke rubuta baftisma da aure da binnewa. Daga 1813 littattafan suna da layuka bugaggu, har da sana'ar uba. Na aure sun sami tsari tun 1754. Kafin nan kowane limami da yadda ya ga dama.

Wajen azahar na kai ga wani aure na shekarun 1790. Ango ya sa alamar gicciye a maimakon hannu, amarya ma haka, domin ba su iya rubutu ba. Sunan gidan su amaryar Call. Na faɗe shi a fili ba tare da na sani ba, sai wani dattijo da ke teburin kusa ya ɗago kai ya tambaye ni wa nake nema. Da na ce Paston, sai ya yi murmushi ya ce in je in karanta labarin Margery.

Na karanta a daren, ban yi barci da wuri ba. John Paston da matarsa Margaret suna da sarkin gandu mai suna Richard Calle, shi ke karɓar musu kuɗin haya, ya sayar da sha'ir, ya riƙe littafin lissafi. 'Yarsu Margery ta so shi, suka yi wa juna alkawarin aure a ɓoye, a dokar coci ta wancan zamani kuwa kalmar bakin mutum biyu ta isa ɗaura aure. Gidan ya ɗau zafi. Ɗan'uwanta ya rubuta cewa ba zai taɓa yarda a mai da 'yar'uwarsa mai sayar da kyandir da yajin mustad a Framlingham ba, garin su Calle ke nan. A 1469 aka kai su gaban bishop, wato babban limamin coci, na Norwich, ya yi wa kowannensu tambayoyi shi kaɗai. Margery ta maimaita kalmomin da ta faɗa wa Calle, ta ƙara da cewa in ba su isa ba za ta ƙarfafa su kafin ta bar wurin. Uwarta ta ba da umarni kada a buɗe mata ƙofar gida. Duk wannan yana faruwa ne a watannin da sojojin Duke na Norfolk, babban basaraken yankin, suka yi wa gidansu na Caister ƙawanya, ɗan'uwan nata yana ciki da mutane kimanin 30.

Auren ya tabbata. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wasiyyar da Margaret ta rubuta a 1482. Uwar da ta rufe ƙofa ta bar wa jikanta John Calle fam 20 in ya cika shekara 24, in kuma bai kai ba a raba wa 'yan'uwansa William da Richard. Ashe fushin bai haye kan jikoki ba.

Ga inda maganar kakar Mama za ta iya fitowa. Babban reshen Paston ta wajen maza ya ƙare a 1732, lokacin da ɗan gidan na biyu da ya riƙe sarautar Yarmouth ya mutu cikin bashi ba ɗa namiji a raye. In akwai jininsu a gidan leburan gona, ta wajen mata zai biyo, kuma ga 'ya mace da ta auri mai wannan suna. Amma suna ɗaya ba ya zama dangi ɗaya. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe a saman shafi.

Talata, 29 ga Oktoba

Yara suna hutun rabin zango, muka ɗauki Mama muka tafi ƙauyen Paston, can bakin teku. Iska mai sanyi, gonaki shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Mun shiga cocin Saint Margaret, inda kaburburan 'yan gidan na baya suke, ɗaya har da gunkin farin dutse. Kusa da shi ga katafaren rumbun da Sir William Paston ya gina a 1581, bangon duwatsun ƙanƙara da rufin ciyawa. Ba a shiga, jemagu ne a ciki kuma doka ta kare su. Daga hanya muka hango kufan gidan ibada na Bromholm, inda aka binne John Paston a 1466. A lissafin kuɗin jana'izarsa har akwai ladan wanda ya cire gilasan taga biyu don hayaƙin wutar da aka kunna don haske ya fita.

Ummi ta tambaye ni: "Abba, nan ne gidanmu na da?" Na ce mata muna kan bincike tukuna. Mai da abinci, fam 40.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kuskure na biyu, wannan ya fi na farko ciwo domin ba kuɗi ya ci ba.

Ranar Laraba na ci karo da wata bishiya da wani ya ɗora a intanet. Ga amaryarmu ta 1790, ga iyayenta, a miƙe ɗoɗar har Margery Paston, daga can ma ta zarce zuwa sarakunan Ingila. Mutum fiye da 40 sun kwafe ta zuwa nasu. Farin ciki ya rufe mini ido, na tura wa Mama hoton a daren. Kafin gari ya waye ta kira ƙanwarta da 'yan'uwa biyu.

Da na zauna bin ta suna bayan suna, sai ta fara zubewa kamar ginin da aka yi da damina. Wata mata ta haihu tana da shekara 61. Wani an haife shi a Suffolk, ya yi aure a Devon, ya mutu a Norfolk, ba takarda ko ɗaya da ta nuna mutum guda ne. Daga 1500 zuwa 1650 ba a kawo shaida ko ta layi ɗaya ba. Mutum 40 ɗin nan ba shaidu 40 ba ne, mutum ɗaya ne ya yi zato sauran suka bi.

Yau na je da kaina, don maganar ba ta waya ba ce. Na ce: "Mama, ki yi haƙuri, na yi gaggawa. Abin da na turo miki ba shi da tushe." Ta yi shiru tana juya kofin shayi. Can ta ce: "To kakata ƙarya ta yi ke nan?" Na ce a'a, abin da ta ji ta faɗa, kuma sunan Call da muka samu yana nuna maganar ba daga iska ta zo ba. Abin da ban samu ba shi ne igiyar da ta haɗa. Ta ce: "To ka nemo ta, ɗana. Amma kada ka sake turo mini sai ka tabbata." Na karɓi wannan.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na sayi tsohon littafin koyon rubutun da, fam 9. Minti 30 kullum bayan isha'i. Harafin e a juye yake, s kamar f, kalmomi a taƙaice. Na haddace kalmomin Latin na ɗa, 'ya, mata, da wanda aka binne. Wani abin lura: kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka yaron da aka rubuta a Fabrairun 1701, a lissafinmu 1702 ne.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Na kai bango.

Zuwa uku na yi ma'adanar cikin wannan wata, na bi gidan Call daga amaryar zuwa ubanta, kakanta, da uban kakanta, duk a ƙauye ɗaya. Na ƙarshe da na samu mutum ne da yake kai 'ya'yansa baftisma a shekarun 1660 da 1670. Tasa haihuwar za ta faɗa wajen 1640, daidai lokacin da ƙasar ta rikice. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1642, an kori limamai da dama, a 1653 aka karɓe aikin rajista daga hannun coci aka ba wasu zaɓaɓɓun mutane, sai da sarauta ta dawo a 1660 abubuwa suka koma daidai. A littafin ƙauyenmu rubutu ya tsaya, sai shafi biyu farare, sannan wani hannu dabam ya ci gaba bayan shekara kusan 20. Na nemi kwafin da ake aika wa manyan coci duk shekara, shi ma a wannan lokaci an daina.

Na daɗe ina kallon shafukan nan biyu. Fata ce, ta yi ruwan ƙasa a gefe, da alamar ɗigon ruwa a kusurwa. An haifi mutane, an yi aure, an binne, ba wanda ya rubuta.

Ko da na haye wannan ramin akwai wani a gaba. Rajistar coci a 1538 aka fara ta bisa umarnin Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na takwas, da yawa ma daga 1558 suka tsira. 'Ya'yan Margery an haife su a shekarun 1470. Tsakaninsu da mutumina shekara kusan 170 ne.

Asabar, 7 ga Disamba

Na duba harajin murhu, wanda aka karɓa daga 1662 zuwa 1689, sule 2 a shekara kan kowane murhu. Mutumina murhu ɗaya gare shi. Na karanta wasiyyoyi tara na masu sunan Call daga kotun coci ta Norwich, babu wadda ta ambace shi. Na kuma duba littattafan masu rajistar tambarin gidaje, waɗanda suka zagaya Norfolk a 1563, 1589, 1613 da 1664 suna tantance wa ya cancanci a kira shi ɗan babban gida. Magaji suke bi. Ƙanne da 'ya'ya mata sau da yawa suna ɗaya ake ba su a gefe, daga nan a manta da su, alhali daga irinsu ne talakawa ke fitowa.

Asabar, 21 ga Disamba

Kuɗin shafi ya ƙare, ban sabunta ba. A ɗakin karatu na tsakiyar gari ana shiga irinsa kyauta.

Makon nan na bar namu na koma kan asalin su Paston ɗin kansu, abin da na gani kuwa ya sauya mini kallon aikin gaba ɗaya. Wanda ya kafa gidan, Clement Paston, ya mutu a 1419, kuma manomi ne. Akwai wata takarda da wani maƙiyinsu ya rubuta, ta ce Clement da kansa yake bin garma rani da damina, yana hawan doki ba sirdi ya kai hatsi niƙa, buhu a ƙarƙashinsa, ya komo da gari. Ta ce matarsa ma daga gidan bayin gandu ta fito. Annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe jama'a da yawa, ƙasa ta yi araha, hannun aiki ya yi tsada, masu ƙwazo irinsa suka sami hanya. Ya ci bashi ya sa ɗansa William a makaranta. William ya karanci shari'a, ya zama alƙalin babbar kotu a 1429, ya auri 'yar masu ƙasa, ya sayi gandaye irin su Oxnead da Gresham.

Wannan asali ya zame musu abin gori. A wancan zamani in aka tabbatar kai jinin bayin gandu ne, ana iya ƙalubalantar haƙƙinka na riƙe gandu da kotunsa. Don haka suka haɗa wata salsala da ta kai su ga wani kaka da ya zo daga Faransa, a 1466 kuma Sarki Edward na huɗu ya amince cewa su 'yan babban gida ne tun zamanin da Normandawa suka ci Ingila a 1066. Masana tarihi ba su yarda da wannan salsala ba. Shekara uku bayan haka ne suka rufe wa Margery ƙofa don ta auri ma'aikacinsu, alhali kakan ubanta da garma ya tashi. Ina ganin tsoro ne ya sa su haka, tsoron kada a tuna inda suka fito.

Na kira Baba na ba shi labarin. Na tambaye shi: "Baba, bayan bakwai ɗin nan fa? Ai ana cewa daga Gabas muka zo." Ya ce: "Ana faɗa. Kowane gida a ƙasar nan yana da Gabas ɗinsa, har Daura da Bagadazarta. Ni dai abin da na ji daga bakin kakanka da sunaye, shi na ba ka. Wanda ban ji ba, ba zan ƙara maka ba." Ya sa mini albarka, ya ce in gaida surukata.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Uwargida ta kawo shawarar gwajin ƙwayar halitta. Na bincika, irin wanda ake yi da miyau ba ya nuna dangantaka da tabbaci bayan kakanni shida ko bakwai, mu kuwa kusan 20 muke magana. Mun fasa.

Na yi wani lissafi a bayan littafi. Iyaye 2, kakanni 4, a yi ta ninkawa, a hawa na 20 gurabe 1,048,576 ne. Mutanen Ingila duka a ƙarni na 15 ba su kai miliyan 3 ba. Ke nan ba abin mamaki ba ne ɗan Norfolk ya haɗa jini da masu gandun da. Nuna ta wace ƙofa aka bi shi ne aikin.

Alhamis, 23 ga Janairu

Alhamdu lillahi, bangon ya tsage.

Dattijon nan na Oktoba muka sake haɗuwa, ya tambaye ni ko mutumina yana da gona. Na ce murhu ɗaya dai gare shi. Ya ce in nemi littafin kotun gandu. Yawancin ƙananan manoma a da gonarsu ta mai gandu ce, suna riƙe da ita bisa al'ada, kuma duk lokacin da mai riƙo ya mutu sai magajinsa ya zo gaban kotun gandu ya biya kuɗin shiga, a rubuta ko shi ɗan wane ne. Babbar ma'adanar ƙasa da ke unguwar Kew a Landan tana da jerin inda takardun kowane gandu suke, ana dubawa a intanet. Na ƙauyenmu suna nan Norwich.

Aka kawo mini littafin a kan matashin soso, da igiyar ƙarfe mai nauyi ta danne shafi. Irin waɗannan takardu da Latin ake rubuta su har 1733, amma a shekarun 1650, lokacin da babu sarki, an tilasta yin su da Turanci. Wato shekarun da coci ya yi shiru su ne waɗanda na fi iya karantawa a nan. Awa biyu ina bi da yatsa a sama ba tare da na taɓa ba. A wani zama na ƙarshen shekarun 1650 sai ga shi: an sanar da mutuwar wani Call mai riƙe da ɗan gida da eka uku, ɗansa kuma magajinsa ya zo an shigar da shi. Sunan ɗan shi ne na mutumina. Gonar kuma an kwatanta iyakarta da hanyar coci, daidai yadda aka kwatanta ta lokacin da jikansa ya gaje ta, wanda na riga na tabbatar. Shaida biyu ke nan.

Hannuna yana rawa na kwafe. Na fita waje na sha iska kafin in iya ci gaba. Hawa ɗaya kawai na ƙaru da shi, manomi mai eka uku da aka haifa wajen 1610, amma wata biyu na yi ina nemansa. Da na bi littafin baya, na ga shi ba gadon gonar ya yi ba, saye ya yi, kuma an rubuta sunan wani ƙauye a gefen nasa. Can zan nufa.

Kuɗin mota da izinin ɗaukar hoto na duk zuwan da na yi: fam 31.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun shimfiɗa babban kwali a teburin cin abinci, ni da Ummi. Ita ke rubutu ina karanto mata. Ta wajen uwa hawa 13 a samanta, duk da tawada, kowane da 'yar lamba da ke nuna takardar da ta tabbatar da shi. A can sama muka bar fili mai faɗin tafin hannu, sannan da fensir muka rubuta Richard Calle da Margery, da iyayenta, har Clement mai garma. Ba mu ja layi tsakani ba. Ta wajena kakanni bakwai, da tawada su ma, a gefe ta rubuta "daga bakin Kaka".

Mama ta zo da yamma. Ta sa tabarau ta bi sunayen tun daga ƙasa, tana tsayawa a kan kowace mace. Da ta kai amaryar da ta sa gicciye, ta tambaya ko akwai hoton alamar. Na nuna mata a waya, ta faɗaɗa shi da yatsu biyu ta daɗe tana kallo. Ta ce in buga mata shi ta sa a gwangwani. Filin da muka bari ba ta ce komai a kansa ba.

Kwali da alƙaluma, fam 8. Jimlar aikin zuwa yau, fam 223.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Azumi saura mako guda, zan ajiye aikin sai bayan salla. Abin da ke gaba: rajistar ƙauyen da mai eka uku ya fito, daga 1558 zuwa 1640, da littafin kotun gandunsa in ya tsira. Sai wasiyyoyin masu sunan Call na ƙarni na 16, har da waɗanda ke Kew, in zana kowane gida dabam in ga ko akwai ƙanen da ya ɓace daga lissafi. Takardun Framlingham suna Ipswich, wannan tafiyar yini guda ce, na ware mata fam 50.

Na kuma roƙi ƙanena a Katsina ya zauna da Baba cikin watan nan ya ɗauki muryarsa yana jero sunayen, da duk abin da ya tuna game da kowannensu, har da matan, domin a bakwai ɗin da ya ba ni babu mace ko ɗaya. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za su fara.